Ɗakin Bandar Baba

Nashville, Tennessee
12 ga Janairu, 1994

Zuwa ga Gwaggona Ozella,

Gaisuwa irin ta 'ya da uwa, da fatan sanyin bana bai tayar miki da ciwon gwiwar nan ba. Ni lafiyata ƙalau, sai ɗan mura da ya riga ya wuce. Na so in buga waya, sai na tuna kin ce ba kya jin komai a cikinta sai ƙugi, shi ya sa na ɗauki biro.

Albishirinki. Sabon gidan tarihin da nake wa aiki, wanda attajirin nan Mista Langford yake ginawa don manyan mawaƙan karkara, ya fitar da sunayen mutum goma sha biyu da aka ce ba a taɓa yin kamarsu ba. Ƙanwarki tana ciki. Gwaggo Nola Faye Tackett, tamu ta Buckeye Hollow! Kowa za a ba shi zaure guda a zuba kayansa, su jita da faifai da rigunan nan masu walƙiya. Wani har motar da ya yi yawon waƙa da ita aka shigo da ita, wani kuma ƙofar kurkukun da ya zauna.

Na je gidan jinya na gaya mata. Tun da ɓarin jikinta ya shanye magana ba ta cika fita ba, amma ta matse min hannu sosai.

Ga roƙona. Mista Langford ya ga hotunan gida da na ɗauka bara, idonsa ya faɗa kan ɗan ɗakin gumaguman nan da ke bayan gidanmu. Yana so ki ba mu aronsa, a kwance shi a sake haɗawa a zaurenta, don mutane su ga inda ta fito. Ni aka ɗora wa zauren, Gwaggo, kuma wannan ne karo na farko da aka damƙa min abu nawa na kaina. Don Allah kada ki ce a'a.

Ki gaishe min da Fasto da ƙawarki Verlie.

Taki,
Renna

*

Buckeye Hollow, Arkansas
25 ga Janairu

Renna 'yar Hobart,

Takardarki ta iso, na gode Allah da kina lafiya. Gwiwa tana nan, ni da ita mun saba. Mura kuwa laifinki ne, ba kya rufe wuya, halin ubanki sak.

Zancen Nola, to, Allah ya sanya alheri. Murya dai tana da ita, ban taɓa musu ba. Ni na tsaya gefenta a gidan rediyo muna 'yan mata muna tallar garin fulawa da waƙa, ita da muryar sama ni da ta ƙasa, har masu saurare suna rantsuwa mutum ɗaya ce mai maƙogwaro biyu. Sai wani Roscoe mai takalmin fatar maciji ya zo ya kwashe ta zuwa garinku. Ba a yi shekara biyu ba na kunna rediyo na ji ƙanwata tana rera wa duniya “Kwalbar Babana”, wai ubanmu mashayi ne da ya bar mu ba takalmi. Waƙar ta kai ta inda ta kai ta. Ni kuma daga ranar ban sake buɗe baki a gefenta ba, kin san wannan.

Amma zancen ɗakin banda, wannan kam kin faranta min rai. Ashe a birnin naku akwai mai ido! Kakanki ya gina shi da hannunsa, ko ƙusa ɗaya babu a jikinsa. Cinyar aladen da aka banda a ɗakin Estel Tackett, daga garuruwan bayan dutse ake zuwa nemanta. In ana son a ga inda Nola ta fito, lallai nan ne, don a bakin ƙofar nan ya koya mana waƙa. Yana shafa wa nama gishiri, mu muna tsugune, ya ƙaga wata 'yar waƙarsa ya raba mana. Nola ta ce, “Gishiri a ƙasa, hayaƙi a sama,” ta tsaya, ni in karɓa, “Ubangiji ka kai mu ƙarshen hunturu.” In ɗaya ta riga ɗaya ya ce a sake.

Su zo su ɗauka. Sai dai kada wanda ya taɓa min ƙugiyoyin da ke rataye a sama, kuma a rubuta a jiki cewa Estel Tackett, kafinta kuma mai ba da waƙa a coci, shi ya gina. A dawo min da shi kafin lokacin yankan aladu. Wataƙila Nola ta fara jin kunya ne a tsufanta, tana son ta gyara. In haka ne ba ni zan hana ba.

Ki riƙa cin abinci.

Gwaggonki,
Ozella

*

Buckeye Hollow
21 ga Maris

Renna,

Ina fata kina lafiya, don in ba ciwo ba ban ga abin da zai hana ki amsa min ba wata biyu. Ni lafiyata lau, fushi ne kawai ya hana ni barci.

Mutanenku sun zo da babbar mota, na ba su kofi da burodin masara, na tsaya ina nuna musu yadda Baba ya sassaƙa kusurwa. Wani a cikinsu ya leƙa ciki ya ce, “Kai, Mama, a nan duka kuka kwana?” Na yi dariya, na ɗauka barkwanci ne. Ashe ni ce abin dariyar.

Jiya bayan sujada Verlie ta ja ni gefe, ta miƙo min wata mujalla da fuskar ta'aziyya. Na sa tabarau. Ga ɗakin bandar Baba an huda masa taga! An sa gadon ƙarfe mai tsatsa, an shimfiɗa tsumma, an ajiye kwalba a kan akwati. A ƙasa an rubuta wai a wannan ɗaki guda aka haifi Nola Faye, a nan ta tashi da yunwa tana jiran uba ya dawo a buge.

Renna, ke da kika yi rarrafe a barandar gidan nan! Ɗaki biyar, farin fenti, ga fiyanon Mama har yau a falo. An haifi Nola a gadon da nake kwana a kai yanzu, ni na riƙe fitila. Mu mutane ne ko cinyoyin alade, da za a ce a ɗakin banda aka rataye mu muka girma? Kuma uban da ko a Jibin Ubangiji na coci ruwan inabi marar tsami yake sha, shi aka ajiye wa kwalba a ɗakin da ya gina da guminsa.

Da ana rera ƙaryar ne, iska ta kwashe. Yanzu kun gina mata ɗaki, da gumaguman mutumin da kuke yi wa ita, kuma ni na ba ku da hannuna har da kofi. Abin da ya fi ci min rai ke nan.

Kin rubuto min “inda ta fito”. Na karanta shi yadda mai mutunci zai karanta. Ki faɗa min, kin san abin da za a yi ko ke ma an yi miki irin tawa? Ina jiran amsa, kuma kada ki cika ta da gaisuwa.

Ozella

*

Nashville
2 ga Afrilu

Gwaggo,

Ina gaishe ki duk da kin hana. Lafiyata ƙalau, aiki ne ya sha kaina.

Na sani. Ba zan ɓoye ba. Na nuna wa Mista Langford hoton gidan gaba, ya kalla ya ce, “Wannan ai gidan kakar kowa ne. Wa zai tuƙo mota daga Texas ya zo kallon farin fenti?” Na ce masa wancan ɗakin nama ne. Ya ce, “Yarinya, daga yau ɗakin haihuwa ne.”

Ki fahimci yadda sana'ar take, Gwaggo. Duk sha biyun nan babu wanda ya shiga da murya kaɗai. Wannan auduga ya tsinta har yatsunsa suka fashe, wancan ya yi kurkuku, waccan miji ya gudu ya bar ta da goyo. Masu sayen faifan talakawa ne, suna son su ji mai waƙar ya sha irin abin da suke sha. Wanda bai zo da tabonsa ba, a yi masa. Akwai wanda ɗan likita ne, amma a zaurensa garma aka jingine. Gwaggo Nola ta yi shekara talatin da ɗoriya a bayan mota daga wannan gari zuwa wancan, ta binne miji biyu, ta yi waƙa da zazzaɓi, ta yi waƙa ranar da ɗanta ya rasu. Wahalarta ta gaske ce, ko da ba a ɗakin nan ta sha ta ba.

Kuma tunda ana faɗin gaskiya, ni ma ina da nawa fushin. Shekara biyu tana kwance, ko kati ba ki aiko ba. Masu sonta suna aiko da furanni daga ko'ina, amma 'yar'uwarta ɗaya da ta rage a duniya shiru. Ni nake yanke mata farce.

Likita ya ce zuciyarta ta gaji, ba ya sa ran za ta ga wani hunturun. Makon jiya ta yi ta fama da wata kalma har na gane. “Tudu” take cewa. Na ce, “Maƙabartarmu? Kusa da Kaka?” Ta gyaɗa kai. Mista Langford yana so a binne ta a lambun gidan tarihin, da mutum-mutumi da fitilu. Ita tudu take so. Makullin ƙofar tudun kuwa yana hannunki.

Ki bar zancen ɗakin ya wuce, ki ba ta wurin. In na tayar da rigima yanzu aikina ne zai tafi, kuma allon bayanin da aka kafa a jikin ɗakin ba zai canza ba.

Taki har kullum,
Renna

*

Buckeye Hollow
11 ga Afrilu

Renna,

Na samu. Ina lafiya.

To, ashe haka ake zama babban mawaƙi. Wanda ba shi da mugun uba sai a ba shi aro. Su tabon suka samu, mu kuma aka yanka.

Bari in gaya miki abin da ba a sa a mujalla ba. Ranar da waƙar ta fito Baba yana zaune a falo. Na tashi zan kashe rediyon ya ɗaga min hannu. Ya saurara har ƙarshe, ya ce, “Yarinyar nan ta iya ajiye numfashi.” Iyakar abin da ya ce ke nan. Amma Lahadin da ta biyo bai tashi ya ba da waƙa ba, kuma bai sake ba har ya mutu. Manya sun san ƙarya ce, yara ba su sani ba, suna binsa a hanya suna rerawa. Baƙi suna tsayar da mota a ƙofar gida suna ɗaukar hotonsa, wata mata har ta tofa masa yawu a kasuwa. Ni na ga wannan, ke ba a haife ki ba.

Yanzu tana so ta kwanta kusa da shi? A gaban duniya ta ɓata shi, a gaban duniya za ta wanke shi. In ta yi, ƙofa a buɗe take. In ba ta yi ba, ta kwanta a lambun attajirinku a kunna mata fitila.

Kada ki ce min ba ta iya magana. Ta yi shekara talatin tana iyawa.

Ozella

*

Nashville
16 ga Mayu

Gwaggona,

Ina fata kina lafiya. Na yi shiru ne don takardarki ta ƙona min rai, na ce kin gindaya wa mai shanyayyen harshe sharaɗin da kin san ba za ta iya ba. Yau kuwa dole in rubuto. Ki zauna kafin ki karanta.

Ranar Asabar aka buɗe gidan. Jama'a maƙil, 'yan jarida, masu ɗaukar hoto, tsofaffin mawaƙa da hulunansu. Tun da safe aka kunna manyan fitilu a kan ɗakin. Kafin rana ta take gumaguman sun ɗau zafi, sai zauren gaba ɗaya ya gauraye da ƙamshin banda. Kitsen shekara da shekaru ya fara tsattsafowa daga sama yana ɗiga a kan gadon. Mista Langford ya sa aka yi ta fesa turare, abin ya ƙara muni.

Aka turo Gwaggo Nola a keken guragu, an sa mata rigar nan mai duwatsu da gashin kanti. Aka tsayar da ita a ƙofar ɗakin, aka kawo abin magana daidai bakinta don ta ce ta gode. Sai na ga hancinta ya motsa. Ta ɗaga kai ta ga ƙugiyoyin, don ban bari an cire ba, wannan ɗaya dai na riƙe miki. Ta dubi gadon. Gwaggo, shekara biyu ban ji ta haɗa kalma huɗu ba, amma ta ce, ana ji har waje:

“Wane sakaran ne ya sa gado a ɗakin naman Baba?”

Sai wani tsoho daga baya ya ce, “Na faɗa muku hancina ba ya ƙarya!” Aka fashe da dariya. Mista Langford ya sunkuyo yana murmushin dole, ya ce, “Madam Nola, ai gida ne, ga kwalbar mahaifinki.” Ta kalle shi sama da ƙasa. Ta ce, “Ta Roscoe ce. Baba bai taɓa sha ba. Bai taɓa ba.” Ta maimaita har sau uku, bakin yana karkacewa, yawu yana zuba, tana dukan hannun keken.

Daga nan ta rufe ido ta ɗauki wata waƙa da ba ta cikin faifanta ko ɗaya. “Gishiri a ƙasa, hayaƙi a sama.” Ta tsaya. Ta juya kai hagu tana jira. Makaɗan suka kalli juna, ba wanda ya san ta. Ta sake ɗauka, ta sake tsayawa a wurin, ta sake juyawa hagu. Ni na san abin da ke biye, kin rubuto min shi, amma na kasa, don ba ni take jira ba. Haka aka tura ta waje.

Yanzu ki ji abin takaicin. Washegari jarida ta ce wai gigin tsufa ya kama tauraruwar har ba ta gane ɗakin da aka haife ta ba, a yi mata addu'a. Ba su buga maganar kwalbar ba sam. Mista Langford ya ce allo yana nan yadda yake. Na jira aka buɗe ranar Litinin, na kwance allon a gaban masu kallo, na sa a jakata. An ba ni hutun da ba shi da ranar dawowa. Allon yana cikin ƙunshin da ke tare da wannan takarda, ki yi yadda kika ga dama da shi.

Ta faɗa a gaban duniya, Gwaggo, duniya ce ta ƙi ji. Ban sani ba ko wannan ya cika sharaɗinki.

Taki,
Renna

*

Buckeye Hollow
23 ga Mayu

Renna ɗiyata,

Ƙunshi ya iso, takarda ta iso. Gwiwa da sauƙi. Ke kuma ki daina kuka a kan takarda, tawada tana gudu, da kyar na karanta ƙarshen.

Kai, jama'a! Mace ta yi shekara talatin tana ƙarya ana tafa mata ana ba ta kofin zinariya. Rana ɗaya ta faɗi gaskiya da rabin baki, an ce ta gigice. Na karanta wa Fasto, na karanta wa Verlie, jiya kuma na miƙe a coci ba wanda ya ba ni izini na karanta wa kowa. Da na zo wurin “wane sakaran ne”, Verlie ta ce, “Wallahi Nola ce, ko a kabari na ji wannan na san bakinta.” Mu nan ba mu ga gigi ba.

Allonku tagulla ce mai kauri, na yaba. Na toshe ramin da dila ke shiga akurkin kaji da shi, rubutun yana kallon ciki. Su karanta in suna so.

Ki gaya wa Langford ɗinku aro na ba shi, kuma ina son ɗakina kafin lokacin yanka, ya toshe tagar da ya huda. In ya ƙi zan zo da kaina in zauna a kan gadon nan in riƙa gaya wa duk mai shigowa abin da ake ratayewa a ƙugiya. Zancen aiki kuma kada ya dame ki, ɗakin ubanki yana nan, kuma kin yi abin da jikar Estel Tackett za ta yi, ko da kin makara.

Lahadin farko ta Yuni ce ranar gyaran kaburbura. Dangi duka za su hau tudu, a share, a sa furanni, a shimfiɗa abinci a inuwa. Duk wanda ya rage cikin waɗanda suka bi Baba suna rera waƙar nan zai zo, da furfurarsa. Ki nemi mota mai wurin kwanciya ki kawo ta. Ki bar gashin kantin da rigar duwatsun a can, ki sa mata rigar mutane. Ciyawar gefen kabarin Baba na sa an yanke, ba don komai ba, ta yi tsawo ne.

Kada ki ce mata na yafe, ban gama fushi ba tukuna. Ki dai gaya mata ta daina juya kai tana neman mutum a cikin baƙi. Shekara talatin da shida ina riƙe da layin nan a bakina. Ta zo ta fara, zan tsaya a hagunta.

Gwaggonki,
Ozella